Dalilin waiwaye a hawan Chappal Waddi

Ka tambaye ni, yarona, me ya sa nake yawan tsayawa ina waiwaye idan muna hawan dutsen Chappal Waddi, alhali baƙin da muke yi wa jagora sun ƙagu su kai sama. To, saurara da kyau.

Mai hawa da wuya ya ɓata, domin muddin tudu yake bi, ƙolin ɗaya ne. Wajen saukowa ake shiga uku. Dutsen nan ya kai mita 2,419, babu wanda ya fi shi tsawo a Najeriya, kuma samansa ciyawa ce zalla, tudu bayan tudu, kowane kamar an tsaga kara da ɗan'uwansa. Itatuwan suna can ƙasa cikin kwazazzabai. Idan na waiwaya, hanyar komawa nake haddacewa yadda za ta bayyana gare ni in na juyo: wancan falalen dutse mai tsaga zai koma hannun dama, ƙoramar da muka tsallaka za ta ɓuya bayan kafaɗar tudu. Abin da ka gani ta gaba ba shi za ka gani ta baya ba.

Sai kuma hazo. Yakan taso daga kwari ya rufe wuri kafin ka gama ɗaure igiyar takalmi, har wanda ke gabanka ka daina ganinsa. A nan ne turbar shanu take yaudarar mutane. Ga ta fes cikin ciyawa, amma mashaya ta nufa, ko rugar makiyaya, ba masaukinka ba. Kada ka manta kan iyakar Kamaru muke tafiya. Ka bi kwarin da ba naka ba, sai ka tsinci kanka a wata ƙasa, ga baƙi a hannunka, ga dare, ga sanyin da mutumin Jalingo bai san irinsa ba. Wannan ne yake hana ni barci idan na tura yaro shi kaɗai.

Waya tana taimakawa, amma sanyi na cinye batir, don haka kamfas, wato na'urar nuna alƙibla, ya zauna a aljihunka. Kuma kada ka taɓa hawa ba tare da sanin ma'aikatan gandun dajin Gashaka-Gumti, inda dutsen yake, ba.

In hazo ya rufe ku, tara mutanenka wuri guda, ƙirga su, a sa rigunan sanyi a zauna har ya yaye. Baƙo zai yi ta mita, wani ma ya ce kuɗinsa ya biya. Ba shi haƙuri da ruwan shayi, amma kada ka ɗaga ƙafa.