Ga ƙanwarmu da ke Jidda: waya da karatun Littafi Mai Tsarki

Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Kin ce tun da kika zo Jidda aikin jinya karatunki na Littafi Mai Tsarki ya ja baya, da kin ɗauki waya da niyyar karanta sura ɗaya sai ki tsinci kanki a TikTok ko WhatsApp har barci ya kwashe ki, kina kuma tambaya ko ki goge su duka ki huta. Ni a Riyad nake, aikinmu ɗaya, na kuma daɗe a ƙasar nan. A ganina kada ki goge.

A gida, ko a Jos ko a Kafanchan, ba ke kaɗai kike riƙe da kanki ba. Akwai sujadar Lahadi, akwai zumuntar mata, akwai addu'ar safe da mama za ta tashe ki ko kina so ko ba kya so. A nan babu ginin coci ko ɗaya, Lahadi kuma ranar aiki ce, tun 2013 hutun mako Juma'a da Asabar ne. Wayar nan ita ce Littafinki, ita ce wa'azin faston gida, ta cikinta kike jin muryar 'ya'yanki. In kika rufe wannan ƙofa kaɗaici zai shigo, shi kuwa ya fi TikTok saurin kashe addu'a. Na ga 'yan'uwa mata da suka goge komai cikin zafin zuciya, mako bai zagayo ba suka mayar, suka ƙara da jin kunyar Allah a kai.

Abin da ya tsaya mini shi ne raba karatu da intanet. Manhajar YouVersion tana da Littafi Mai Tsarki na Hausa, ana sauke shi a waya a karanta ba tare da data ba. Kafin in kwanta nakan kashe data da wifi ɗin masauki. Kiran sallar asuba a nan ba ya barin kowa ya makara, masallaci yana bayan tagarmu, to shi ne agogona. In tashi, in ɗora ruwan shayi, in zauna a bakin gado da hasken waya kaɗai don kada in tashi abokiyar ɗakina, in karanta, in yi addu'a, sannan in kunna data. Saƙonni su yi ta shigowa kamar ruwan Agusta, ba komai, na riga na ci abincina. Markus 1:35 ya nuna mana Yesu ma tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a.

Dare shi ne tarkon, kuma da dalili. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2. Lokacin da hira ta yi daɗi a gida, ƙarfe tara an ci tuwo an zauna, nan ƙarfe goma sha ɗaya ne, ke kuwa motar asibiti tana jiranki da sassafe. Ki gaya wa mutanen gida lokacin da kike rufe waya, ki kuma tsaya a kai. Za su yi gunaguni kwana kaɗan su saba. Ki tuna kuma an gina waɗannan manhajoji ne yadda ba su da ƙarshe, bidiyo na ƙarewa wani na hawa. Ba raunin bangaskiyarki kaɗai ba ne, da gangan aka yi su haka. A saitin waya akwai inda ake ƙayyade wa kowace manhaja minti, ki yi amfani da shi.

Akwai abin da ke damuna ƙwarai, gara in faɗa. Hotunan ayoyi masu furanni da ake turawa kowace safiya, a ce ki rubuta Amin, ba karatu ba ne. Suna da daɗi, amma aya ɗaya da aka tsinke daga mahallinta ba za ta riƙe mace a baƙuwar ƙasa ba ranar da majinyaci ya mutu a hannunta. Ki ɗauki littafi guda ki bi shi daga fari har ƙarshe. Kada kuma ki ɗora wa kanki gama duk surori 1,189 na Littafi Mai Tsarki a shekara ɗaya, wato uku ko huɗu kullum, alhali kina tsayuwar awa goma sha biyu. Ki fara da 1 Bitrus, surori 5 ne kawai a cikinta, kuma ga baƙi da ke warwatse a ƙasashen mutane aka rubuta ta. Za ki ji kamar da ke ake magana. Daga nan Markus, mai surori 16.

Ki yi hattara da abin da kike sakawa a fili. Dokar ƙasar nan ta hana wa'azin wani addini ban da Musulunci, saboda haka kada ki riƙa tura wa abokan aiki ayoyi. Ibadarki a ɗakinki, halinki a bakin aiki.

Makon da kike aikin dare asuba ba za ta yiwu ba, kada ki matsa wa kanki. Akwai Littafi Mai Tsarki na sauraro da Hausa, ki sa abin kunne a mota kina dawowa. Ki kuma nemi 'yar'uwa ɗaya da za ku riƙa karanta littafi ɗaya, ranar Juma'a ku kira juna kowa ta faɗi abin da ta gani. In ba ki samu kowa a Jidda ba tukuna, ki yi mini magana, sai mu fara 1 Bitrus tare Juma'ar nan.