Kada ka sayar da fili saboda man siramik da ba ka taɓa shafawa ba

Wani mai wankin mota a Katsina ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ina da wurin wankin mota wajen Ƙofar Ƙaura, muna aiki da yara 4. Yayan matata yana zuwa sari ƙasar Sin. Ya ba ni labarin wani mai da ake kira siramik, wai idan aka shafa wa fentin mota da rim, ƙura da datti ba sa kamawa har shekara 5. Ya ce in ba shi naira miliyan 3 ya kawo mini kwalba 200, ni kuma in riƙa karɓar naira 80,000 kan kowace mota. Da na lissafa sai na ga miliyan 16 ke nan. Ina da ɗan fili ta hanyar Dutsin-Ma, ina so in sayar in shiga harkar. Mece ce shawararku?"

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ka bar filin nan inda yake.

Man da ake magana a kai akwai shi, yana aiki, kuma akwai masu cin abinci da shi. Kuskurenka ɗaya ne, amma babba ne: za ka zuba dukiyarka a kan maganar surukinka alhali ba ka ga komai da idonka ba. Shekara 5 shi ya faɗa. Naira 80,000 shi ya yanka. Kwalba 200 shi ya ƙayyade. Kai da kake tsaye a bakin aikin tun safe har magariba ba ka kawo adadi ko ɗaya naka ba. Ba ka gaya mini mota nawa kuke wankewa a rana ba, ba ka kuma ce ga mutum nawa suka taɓa tambayarka abin da ya wuce wanki da folish ba. Ina zargin ba ka rubutawa ne.

Ban ce mutumin zai cuce ka ba. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya yake. Mai shago ne a can ya zuba ruwa a kan ƙarfe, ya ga yana gangarewa, ya yarda. Amma shi ɗan sari ne, bai taɓa goge mota ba. Idan kaya suka zo ba yadda aka ce ba, ba za ka iya kai shi gaban shugabannin kasuwa ko kotu ba. Yayan matarka fa? Kunya za ta ɗaure maka baki. In ka daure ka yi magana, maganar ta shiga ɗakin matarka, daga nan ta kai ga iyaye, kuma abin da za a ce maka bai wuce "a yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi" ba. Za ka yi haƙurin, ba fili, ba miliyan 3.

Na san wani mai wankin mota a garin nan da ya yi irin wannan da ɗan kawunsa. An kawo masa katan-katan, an rubuta siramik ɓaro-ɓaro a jiki, ashe irin na fesawa ne mai ruwa-ruwa. Ya shafa wa motocin wasu manya, ya yi musu alkawarin shekaru. Kafin damina ta fita ruwa ya daina gangarewa. Waɗanda suka dawo da faɗa ya mayar musu da kuɗinsu. Waɗanda ba su dawo ba su suka fi yi masa illa, domin sun ɗauke har wankin da suka saba kawowa duk mako. Sauran kayan suna jibge a shago, shi da ɗan kawun kuma gaisuwa ma da ƙyar.

Abin da ya ci shi shi ne bai san cewa kayan iri-iri ne ba. Akwai kakin goge mota, wanda mafi shahararsa ana samo shi ne daga ganyen wata bishiya dangin dabino a Brazil. Yana ba da sheƙi mai kyau, amma makonni ne zuwa wata biyu ko uku, a zafinmu ma ba ya kai wa. Akwai man kariya na sinadari, mai ɗaukar kamar wata 4 zuwa 6. Sai siramik na ainihi, wanda ake yi da sinadarin silika, yana zuwa a 'yar kwalba mai mililita 30 ko 50, ya sandare a kan fenti ya yi shekara ɗaya zuwa 'yan shekaru gwargwadon kula. Yau kuwa har na fesawa mai 'yan watanni ana manna masa sunan siramik. Wanne surukinka zai kawo? Shi kansa ba na jin ya sani.

Mu ɗauka ma na ainihin ya kawo. Shafawar ita ce ƙaramin aikin. Sai an wanke motar tsaf, an cire kwalta da dattin da ya nutse cikin fenti, an goge ƙarce-ƙarce da injin folish, domin duk tabon da ka bari man zai rufe shi ne ya zauna a ƙarƙashi. Sannan a share da sifirit don kada maiƙo ya rage. Ana shafawa kaɗan-kaɗan, a goge cikin 'yan mintoci. In yaro ya yi sakaci ya bushe, zai bar zane-zanen da sai inji zai fitar. Bayan an gama, motar tana buƙatar kamar awa 24 ba ruwa ba ƙura, kuma ba a shafawa a kan ƙarfe mai zafi. Mota ɗaya tana cin yini guda ko fiye.

Yanzu dubi inda muke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, ƙura tana shiga har cikin akwati. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana kai digiri 40 ya wuce, bonet ba ya taɓuwa da rana. Kana da ɗaki mai ƙofa da mota za ta kwana a ciki? In rumfar kwano ce mai buɗaɗɗen gefe, ƙurar za ta sauka kan ɗanyen man ta sandare tare da shi, kai ne kuma za ka biya kuɗin cirewa.

Maganar cewa ƙura ba ta kamawa, kada ka kuskura ka faɗa wa kwastoma. Ƙura tana sauka, sai dai ba ta liƙewa sosai, wanki ya fi sauƙi. Man ba ya hana ƙarcewa, ba ya tare tsakuwa. Ka san yadda ake yi da mota a nan: da safe direba ko maigadi ya ɗauki busasshen tsumma ya bi ta da ƙurarta, a bakin hanya a wanke ta da Omo, a bar ruwan rijiyar burtsatse ya bushe a rana ya bar ɗige-ɗige farare. Duk wannan yana rage wa man kwana. Wanda ya rubuta shekara 5 a jikin kwali ba ya Katsina. Kai ne kake Ƙofar Ƙaura, wurinka za a zo.

Miliyan 16 ɗin nan kuma ka cire shi daga ranka. Na gaji da irin wannan lissafi na ninka kwalba da farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu mota da yawa tunaninsu yadda za su zuba mata mai ne. Masu iya ba da 80,000 don fenti suna nan, a GRA, cikin manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, amma ba su da yawa, kuma wanda ya yi sau ɗaya ba zai dawo ba sai bayan shekara ko fiye. Ko da mota 4 kake samu duk wata, kwalba 200 sai ta ɗauke ka wata 50, sama da shekara 4. Kwalaben suna da ranar lalacewa, zafin shago yana gaggauta ta, wadda aka buɗe kuwa nan da nan take fara daskarewa.

Ga abin da za ka yi. Ka ce wa surukinka ya kawo maka kwalba 2 kacal, ka biya shi kuɗinsu cif. Ka nemi wani irin daban a Kano don kwatantawa. Ka je wurin masu gyaran jikin mota ka karɓi tsohon bonet, ka raba shi da salatif gida uku: nasa, na Kano, da inda ba a shafa komai ba. Ka ajiye shi a waje, yaranka su riƙa wanke shi yadda ake wanke motar mutane, ka ga abin da zai rage bayan wata 3. A kan bonet ɗin ne kuma yaran za su koyi hannu, ba a kan Camry ɗin wani Alhaji ba.

Kafin nan, ka fara da rim, da man kariya mai araha. Baƙin da ke taruwa a rim garin ƙarfe ne daga burki, yana sauka da zafinsa ya liƙe, shi ya sa yaranka suke shan wahalar dirzawa. Rim da aka shafa wa man, ruwa da soso sun ishe shi, mai mota kuma zai ga bambanci tun wankin farko. Aikin ba ya cin lokaci, ba ya buƙatar ɗaki, kuɗinsa ba ya tsorata kowa. Wanda ya ji daɗin rim shi ne zai tambaye ka na jiki. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowace mota: abin da aka yi mata, man da ya tafi, fetur ɗin janareta, kuɗin ruwa, ladan yaro, da abin da aka biya. Bayan wata 6 littafin zai gaya maka kwalba nawa kake buƙata, ina kuma kyautata zaton ba za su wuce 20 ba.

In har gwajin ya yi kyau kuka zo maganar sari, ko nawa ne kuɗin a rubuta: sunan kayan, girman kwalba, ranar lalacewa, ranar da za a kawo, da wanda zai ɗauki asara in ba su ne suka zo ba. A sa shaidu biyu waɗanda ba 'yan gidan ba. Kada kunya ta hana ka; aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarnin a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, ba ta ware suruki ba. In kuwa ya ce shi ba zai ɗauko kwalba 2 ba sai 200, ka yi masa godiya cikin ladabi ka rufe maganar. Ribar da ka tara daga rim ka fara sayen bulo da ita, ka tayar da ɗakin da mota za ta kwana.