Haziƙi, mai baiwa ko gwani?

Wani mushe, wato malamin makarantar boko, daga unguwar Bagalam, nan Maradi, ya aiko da tambaya. Ɗalibansa sun ci karo da kalmar Faransanci génie a darasin tarihin Albat Anishtain, shahararren masanin kimiyya, shi kuma ya ce musu "mai wayo". Yana so ya ji ko fassarar ta zauna.

Malam, ba ta zauna ba. Wayo a bakin Bahaushe yana tafe da ɗan zargi: dila ne sarkin wayo, gizo ma haka, kuma babu uban da zai ji daɗi a ce ɗansa ya fi kowa wayo a kasuwa. Kalmar da ta fi kusa ita ce haziƙi, wadda muka aro daga Larabci. Haziƙi shi ne mai kaifin basira, wanda ake faɗa masa ɗaya ya gane goma. Fasihi kuwa gwanin harshe ne, don haka ya fi dacewa da mawaƙi ko mai wa'azi. Sai dai hazaƙa kaɗai ba ta cika ma'anar ba, domin kowane aji yana da haziƙinsa. Abin da ake nufi ya wuce nan, shi ya sa nakan ce haziƙi mai baiwa.

Baiwa abu ne da aka ba mutum, bai saya ba, bai roƙa ba. Romawan dā sun ɗauka kowane mutum ana haihuwarsa da wani ruhu mai rakiyarsa, daga sunan wannan ruhun kalmar Faransancin ta samo asali. Larabawa suna cewa abƙari, suna danganta shi da Abƙar, kwarin da suka ce na aljanu ne. Mu ma idan makaɗi ya gawurta sai ka ji ana raɗa cewa da aljanu yake waƙa. Duk wanda ya ga abin da ya fi ƙarfin koyo sai ya nemo masa tushe a ɓoye.

Turawa sun so su auna abin da lamba. A 1905 Alfired Bine ya fito da gwajin basirar yara a Faransa, Luwis Taman na Jami'ar Sitanfod a Amurka ya gyara shi a 1916, aka riƙa ɗaukar maki 140 a matsayin iyakar da wanda ya kai ta ya zama haziƙi mai baiwa. A 1921 Taman ya fara bin rayuwar yara wajen 1,500 masu maki mafi yawa. Da yawansu sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, amma babu wanda ya ci kyautar Nobel. Yara biyu da gwajin ya zubar, Wiliyam Shokli da Luwis Albarez, su suka ci ta, a 1956 da 1968.

A ganina ma'aunin tsangaya ya fi wannan adalci. Yaro zai fara da ƙolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, ya kai alaramma, amma ba a kiransa gwani sai ya zauna da alƙalami da tawada ya rubuta izu sittin da ka, babu littafi a gabansa, kuma gwanaye sun bi rubutun wasali bayan wasali. A jefo masa kalma, ya faɗi sau nawa ta zo da surorin da take ciki. Baiwa tana nan, amma sai aiki ya shaide ta. Kowa ya iya allonsa ya wanke.

Wata ƴar'uwa daga Tibiri kuma ta tambaya ko karin maganar "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" yana nufin baiwa gado ce.

Hajiya, karin maganar ya fi magana kan hali da sana'ar gida. Ɗan maƙeri ya tashi yana jin ƙarar uwar maƙera tun yana goye, dole hannunsa ya riga na wasu faɗawa. Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu, ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma gidan da ta tashi cike yake da littattafai da malamai. Faransis Galton na Ingila ya rubuta littafi a 1869 yana cewa abin a jini yake, amma iyalan da ya ƙirga su ne masu kuɗin makaranta, bai raba gado da tarbiyya ba. Don haka ki yi amfani da karin maganar wajen yabon ɗan da ya ɗauko hannun mahaifinsa, kada a mai da shi hujjar cire rai daga ɗan talaka.