Wai ƙauye ne, babu komai sai duwatsu da ruwa

Ƙanina, ka ce ka samu gurbin karatu a Lancaster amma abokanka sun tsorata ka wai arewa maso yammacin Ingila ƙauye ne, ba Landan ba ba Manchesta ba, daga tumaki sai duwatsu sai ruwan sama, kuma ka ga hotunan mutane da jakar goyo suna hawa tsaunuka a bakin tafki kana tambaya ko wannan yawon na Turawa ne kawai ko mu ma muna yi, kuma ko akwai haɗari.

To gaskiya abokan naka basu yi ƙarya ba, ƙauye ne. Amma wannan ƙauyen mutane sama da miliyan 15 ke zuwa kallonsa duk shekara, shi ne Lake District a yankin Cumbria, tun 1951 aka mai da shi gandun ƙasa, a 2017 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Daga Lancaster bas mai lamba 555 zata kwashe ka ta Kendal, Windermere, Ambleside, Grasmere har Keswick, tafiyar kusan awa uku in zaka kai ƙarshe, ka hau saman bene ka zauna gaba, kuɗin kuma tun Janairun 2025 gwamnati ta ƙayyade tikitin zuwa ɗaya a fam 3. Shiga dajin ko hawa dutsen kyauta ne, ba ƙofa ba mai karɓar kuɗi. A ƙasar da kusan komai sai ka biya, ga ɗalibi wannan ba ƙaramin abu bane.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne zaka ga alamar hanya ta nuna maka cikin gonar mutum, ka buɗe ƙofar shingen ka ratsa ta tsakiyar tumakinsa ka fita ta can gefe, kuma ba wanda zai ce maka kanzil. Doka ce ta ba kowa wannan damar, akwai hanyoyin ƙafa na jama'a tun da daɗewa, kuma sai da talakawa suka yi gwagwarmaya a kai, a 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka kutsa kan tsaunin Kinder Scout, can wani yanki da ake kira Peak District, da gangan har aka ɗaure wasu, sannan dokar 2000 ta buɗe saman tsaunuka da yawa ga kowa. Sharaɗin kawai kar ka kauce hanya a cikin gona, ƙofa ka barta yadda ka same ta, shara ka koma da ita a jakarka. In ka ga shanu da 'yan maruƙa kar ka bi ta tsakaninsu, ba shanun kora bane, sun sha tattake mutane. Karnuka kam sai haƙuri, kusan kowa da nasa kuma da yawa a sake suke, zasu zo su shinshina wandonka mai karen yana murmushi yana ce maka ai baya cizo, kai dai ka tanadi wandon sallah daban.

Inda zaka fara, kar ka biye wa masu cewa mu tafi Scafell Pike tunda shi ne dutse mafi tsayi a Ingila, mita 978. Bari sai ƙafarka ta saba. Ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Windermere ka tsallaka titi ka hau Orrest Head, rabin awa ka kai sama, daga nan zaka hango tafkin Windermere a shimfiɗe, wajen kilomita 17 tsawonsa. In wannan ya maka daɗi sai ka je Keswick, ni dai a wajena can ne abin yake, tafkin Derwentwater da daji kewaye da shi, ta gefe ɗaya ga Walla Crag, kana bi ta cikin itatuwa kana jin ƙarar ƙorama kafin ka ankara ka fito bakin gaɓar dutse a miƙe tafkin na can ƙasa da 'yan tsibirai a ciki, ta ɗaya gefen kuma ga Catbells mai mita 451 wanda zaka iya hawa kwale-kwale daga Keswick ya sauke ka a gindinsa. Yara ma suna hawansa, amma dab da ƙololuwa sai ka sa hannu ka dafa dutse, mai jiri ya bi a hankali.

Yanzu maganar haɗarin, nan nake so ka nutsu. Ba zaki ba kura, ba ɗan fashi, maciji mai dafi guda ɗaya ne a ƙasar kuma da wuya ka gamu da shi. Yanayi ne ke kashe mutane. Wani ƙauye da ake kira Seathwaite yana samun ruwan sama sama da mita uku a shekara, kuma zaka bar ƙasa rana na haske, kafin ka kai sama hazo ya rufe ko'ina baka ganin tazarar taku goma, iska na neman ture ka, sanyi kuma duk mita 150 da ka hau yana ƙaruwa da kusan digiri ɗaya, to in rigarka auduga ce ta jiƙe da gumi da ruwa, wallahi nan take jiki zai fara rawa, a haka mutum ke ruɗewa ya kasa gane hanya. Shi yasa ba a hawa da jins da kambas. Takalmi mai kama ƙasa, rigar ruwa ta kirki, rigar sanyi a jaka ko da ana rana, tocila, ruwan sha, abinci, da taswirar takarda ta Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta ƙasar, saboda sabis na ɗaukewa a cikin kwari kuma sanyi na shanye cajin waya. Ba sai sabo ba, shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji a Kendal da Keswick ana dacewa da kaya masu kyau.

A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu suke shigowa, don haka lissafin sallar ma zai taimake ka, in ka yi la'asar a sama ka fara saukowa. Akwai wani siririn doron dutse a kan tsaunin Helvellyn da ake kira Striding Edge, hagu rami dama rami, ana rasa rayuka a wajen, hotonsa ne ke jan samari, dan Allah ka ƙyale shi sai ka samu wanda ya sani kuma ba lokacin ƙanƙara ba. In wani abu ya faru ka kira 999 ka nemi 'yan sanda sannan ka ce masu ceton kan dutse kake so, 'yan sa kai ne basa karɓar ko sisi, amma kafin su iso da ƙafa ana iya ɗaukar awanni. Kuma duk zafin da ake kar ka yi tsalle ka faɗa tafki, ruwan sanyinsa na ƙwace numfashi ko ka iya iyo, tafkin Wastwater zurfinsa mita 79. In ka dawo gida ka duba ƙafafunka da ƙugu, akwai kaska a cikin ciyawa da ke sa ciwon Lyme, in ka ga jan zobe a fata ka ga likita.

Ko mu ma muna yi? Muna yi, duk da ba zan ɓoye maka ba sau da yawa kai kaɗai ne baƙar fata a kan hanyar, za a kalle ka, amma mafi yawa gaisuwa ce, a kan dutse Bature na gaida wanda ba zai ko kalla ba a cikin gari. Akwai kuma masu baƙin ciki, lokacin da ƙungiyar Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa a 2020 suka sa hotunan tafiyarsu ta ranar Kirsimetin 2021 a intanet sun sha zagi, amma basu fasa ba, har yanzu suna fita da jama'a da yawa maza da mata, ka neme su.

Ni abin da nake ji maka ba dutsen bane, ɗakin ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka fita lacca da duhu ka dawo da duhu, ka kulle kanka kai da waya, a haka damuwa ke kama yaranmu basu ma san sunanta ba. Ka sayi bitamin D, hukumar lafiyarsu ma ta ce masu duhun fata su riƙa sha duk shekara, sannan satin farko ka yi rajista da ƙungiyar masu yawon dutse ta jami'a, suna fita ƙarshen mako da motarsu. Satumba da Oktoba ganye na juyewa ja da rawaya kuma yini bai gajarce ba tukuna, don haka takalmin ka saye shi da wuri.