Likita, Me Ya Haɗa Gyambon Ƙafa da Huda Kunne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ciwon suga ya bar masa gyambo a ƙafa wanda ya ƙi warkewa, aka ce a riƙa sa shi a ɗakin iskar oksijin mai matsi. Ranar farko kunnensa ya yi ciwo sosai, yanzu sun ce sai an sa masa bututu a kunne. Baba ya ce ba mai huda masa kunne ya kurumce. Ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Matsin iskar cikin ɗakin nan ya ninka na waje sau 2 zuwa 2.5, shi ne ke cusa oksijin cikin jini har ya isa gyambon. Amma iskar tana danna dodon kunne ciki. Akwai 'yar siririyar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne, wadda ke buɗewa idan mutum ya haɗiyi miyau, ya yi hamma, ko ya toshe hanci ya hura a hankali, sai iska ta shiga matsin ciki da na waje su daidaita. Duk wanda ya je Hajji ya san toshewar kunne lokacin saukar jirgi. Abin ɗaya ne, sai dai wannan ya fi ƙarfi. Wasu hanyar tasu ba ta buɗewa, musamman mai mura ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Idan aka matsa a haka, jini kan taru bayan dodon kunne, ko ma ya fashe.

Ki tambaya ko an gwada koya masa hurawar, da kuma ba shi maganin feshin hanci. Idan an yi bai ci ba, ni dai ina ganin a sa bututun, domin gyambo irin wannan kan buƙaci shiga ɗakin sau 20 zuwa 40.

Bututun ɗan mitsitsi ne, ta cikinsa iska za ta riƙa shiga bayan dodon kunne don matsin ya daidaita. Likitan kunne zai kashe zafin wurin, ya ɗan tsaga dodon kunne, ya dasa shi cikin mintoci kaɗan. Ba ya kurumtarwa, kuma yawanci yakan faɗo da kansa cikin wata 6 zuwa shekara, ramin ya haɗe. Shafar kunne a alwala ba matsala, amma wajen wanka ya toshe da auduga mai basilin. Ban da ɗiga man zaitun ko sakace da tsinke. In kika ga ruwa ko mugunya na fita, ku koma asibiti.