Ubuntu na shanye mini data, Firefox kuma na nawa: me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, da tsofaffin kwamfutoci huɗu. Na cire Windows na sa musu Ubuntu, amma Firefox yana daɗewa kafin ya buɗe, data kuma na ƙarewa ba tare da na taɓa komai ba. Wani ya ce in koma Arch don ya fi sauri. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne, wato tsarin da ke sauko da manhajoji ya girka su. Ubuntu yana da biyu: apt, wanda ya gada daga Debian (wani nau'in Linux da aka gina Ubuntu a kansa), da snap na kamfanin Canonical. Tun fitowar Ubuntu 22.04 a 2022, Firefox ta snap yake zuwa.

A apt, manhajoji suna raba kayan aiki kamar 'yan gida ɗaya da ke girki da tukwane ɗaya, shi ya sa abin saukewa yake da ƙanƙanta. Snap kuwa kan haɗo manhaja da yawancin kayanta a matse cikin ƙunshi guda, dole kwamfuta ta riƙa warware shi lokacin buɗewa, abin da ke wahalar da tsohon inji. Yana da amfaninsa: gyaran tsaro na isowa da wuri, kuma yana ajiye tsohon zubi ko da sabon ya ba da matsala. Sai dai da kansa yake duba sabuntawa sau huɗu a rana, ya sauke ba tare da ya tambaye ka ba. Nan datarka take tafiya. Rubuta sudo snap refresh --hold a Terminal, wato wurin rubuta umarni, zai tsayar da shi, amma ka riƙa sabuntawa da hannu, musamman Firefox, don ta nan ake shiga intanet.

Batun Arch, wanda shi ma wani nau'in Linux ne kamar Ubuntu, mutumin bai yi ƙarya ba. Pacman, tsarinsa na girka manhajoji, yana da sauri, kuma da masu Arch suka koma matse ƙunshi da wata hanya mai suna zstd, sun sanar a farkon 2020 cewa girman ƙunsoshi ya ƙaru da kusan kashi 0.8 cikin ɗari kacal, saurin warwarewa kuwa ya ninka sau da dama. Amma Arch kullum cikin sabuntawa yake, kusan kowace rana akwai abin saukewa, wani lokacin ma sai ka gyara wani abu da hannunka. Mai shagon da mutane ke layi ana jiran takarda ba shi da wannan lokacin.

Akwai kuma abin da nake so ka lura da shi, saboda mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama. Dpkg, wanda ke yi wa apt aikin girkawa, yana tabbatar da cewa fayiloli sun zauna a kan faifai kafin ya wuce gaba. Wannan na rage masa sauri, wasu ma na kushe shi a kan haka. Ni ina ganin jinkirin ya cancanta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, galibi sudo dpkg --configure -a ya isa ya ƙarasa abin da ya tsaya.

Shawarata ka sa Linux Mint ko Debian. Mint ya toshe snap tun 2020, Firefox ɗinsa ta apt yake zuwa. Yana da Flatpak, wani tsarin mai kama da snap, amma ka duba girman abu kafin ka danna, domin saukewar farko kan janyo ɗaruruwan megabait. Tunda kwamfutocinka huɗu ne, ka girka apt-cacher-ng, manhajar da ke ajiye abin da apt ya sauke, a ɗaya, sauran ukun su riƙa ɗauka daga gare ta. Sau ɗaya za ka biya kuɗin data maimakon sau huɗu.