Kafin sabuwar kyamara, Alhaji, ina littafin tsohuwar?

Wani ɗan kasuwa daga Aboabo a Kumasi ya rubuto: "Ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia. Shekara biyu da suka wuce na saya wa ɗan yayata kyamarar Canon ta hannu da kwamfuta, wajen sidi dubu 20, yana ɗaukar biki da suna. Yanzu ya ce aikin biki babu kuɗi, fim ɗin Hausa zai yi ya sa a YouTube, amma sai an sayi Sony mai 4K, wato mai fitar da hoto tangaran, da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, kusan dubu 45. Wace kyamara ta fi?"

Alhaji, na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman lamba ɗaya, ban same ta ba. Nawa Canon ɗin ta shigo da shi a shekara biyun? Na tabbata ba ka sani ba. A shagonka na Kejetia yaro ba zai yanka yadi shida bai rubuta ba, ranar sai ya ji a jikinsa. Amma ka ɗauki dubu 20 ka miƙa wa wanda ke ce maka Kawu, ko takardar burodi ba ku rubuta ba, yanzu kuma kana shirin ninkawa.

Mu yi lissafi a tsaye. Daga Aboabo zuwa Asawase, wace Lahadi ce take wucewa ba aure ba suna? A ce aiki biyu kawai yake samu a wata, kowanne sidi dubu ɗaya. Wata 24, dubu 48 ke nan. Cire rabi na mota da yaran aiki da hayar fitila, saura dubu 24, ya haura jarinka. Ban ce yaron ɓarawo ne ba. Yawanci abin da ke faruwa, wannan aboki ne a yi masa kyauta, wancan ya ce zai turo ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, bayan Sallah, kafin alƙalamin da aka karɓa kuma an cinye tun kafin ranar biki. Shi kansa bai san inda kuɗin suka bi ba, shi ya sa da gaske yake ganin babu riba.

Kuma kyamara ba atamfa ba ce. Turmi ya kwana shekara a shago, sau da yawa kuɗi yake ƙarawa. Kyamara kullum tsufa take, batir na mutuwa, sabon samfuri na fitowa, madadinta kuma da dala ake sayowa. Ka tuna 2022, lokacin da dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 13. Da ana cire wani abu daga kowane aiki ana ajiyewa don kayan, yau da Canon ce za ta haifi Sony, ba leshinka ba.

Na san wani a Nima, a Accra, mai sayar da tayal, da ya yi wa ƙanensa irin wannan hidima. Ashe ƙanen yana ba abokai hayar kyamarar a ɓoye. Wata rana ta tafi ba ta dawo ba, aka je wurin 'yan sanda, suka tambayi lambar jikinta da rasit, babu ko ɗaya. Fim ɗin da aka kwashe wata uku ana ɗauka kuma yana kan faifan ajiya guda ɗaya tak, shi ma ya lalace. Da aka zauna, mahaifiyarsu ta ce a bari, jini ɗaya ne. Aka bari. Har yau ba sa cin tuwo a kwano ɗaya.

Maganar YouTube kuwa, ta ishe ni. Kowane yaro ya ga wani ya sayi mota sai ya ce shi ma gobe. Kafin su fara raba maka kuɗin talla a dogon bidiyo sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma tallar da mai kallo a Ghana ko Najeriya yake gani ba ta biya kamar ta Amurka. Ga 'yan Kano suna sakin sabon kashi duk mako, da jaruman da kowa ya sani. Da su zai yi takara.

Idan fim ɗin yake so da gaske, Canon ɗin ta isa. Masu kallonsa a waya za su kalla, suna tattalin data, babu mai ganin 4K, sai dai ta cinye masa wurin ajiya ta gajiyar da kwamfutar. Abin da ke kashe finafinan zango sauti ne: jaruma na kuka, kai kuma ƙarar aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da janareton maƙwabta kake ji. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, na'urar naɗar sauti, fitila biyu masu batir, ƙafar kyamara, da faifan ajiya biyu don kowane ɗauka ya kwana wuri biyu. Ya riƙa ɗauka a firam 25, wato hoto 25 a daƙiƙa, shata, wato ƙiftawar idon kyamara, ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, domin wutar lantarkinmu sau 50 take bugawa a daƙiƙa, in ba haka ba hasken ɗaki zai yi ta rawa a hoton. Manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve akwai ta kyauta. Jirgin sama ɗin nan sai an yi masa rajista da hukumar jiragen sama, kuma daƙiƙa nawa zai fito a fim? Ya ɗauko mai shi na yini ɗaya.

Ga sharaɗina. Ka kira shi gaban mahaifiyarsa, a rubuta cewa kayan naka ne, da lambar jikin kowanne. A buɗe layin MoMo na aiki kaɗai, kai ma kana ganin saƙonnin. Littafi guda: rana, mai biki, ciniki, abin da aka bayar, saura. Kowane aiki a raba uku, nasa, naka, da na kayan. Wata shida a haka, sannan ya kawo maka fim na minti goma da Canon ɗin. Idan ya ɓata rai ya ce Kawu bai yarda da shi ba, ka karɓi kyamarar a ranar ka sayar tun tana da mai saye.